Yadda za ka koya wa ɗalibai kayan cikin kwamfuta da hannunsu

Yaranmu da suka tashi a Jidda da Makka ba baƙin na'ura ba ne. Yaro ɗan shekara goma zai karɓi wayarka ya gyara maka abin da ya gagare ka. Amma ka tambaye shi ina hotunansa suke kwana idan an kashe kwamfuta, ko me ya sa ta gidansu take nauyi in an buɗe abubuwa da yawa, sai ya yi shiru. A littafin makaranta ya ga zanen kayan cikinta, ya haddace sunayensu, ya ci jarrabawa, alhali bai taɓa riƙe ko ɗaya daga ciki ba. Wannan darasi da hannu ake koyonsa. Ɗalibi ya fara taɓa abu, ya ga inda yake zaune, ya ga abin da ke faruwa in an cire shi, sannan a gaya masa sunansa. Tsarin da ke ƙasa na malamin da ke tara yaran unguwa ne lokacin hutu ko bayan la'asar, ko mai ɗan aji a wata cibiya, kuma zama huɗu ko biyar sun isa.

Abin da za ka tanada

Ka nemi kwamfutar tebur guda biyu tsofaffi, ɗaya matacciya, ɗaya mai tashi. Matacciyar ita ce ta wasa da hannu, ko an karya wani abu a cikinta ba a yi asara ba. Mai tashin kuwa sai zama na ƙarshe za a taɓa ta. Kada ka fara da laftof. Cikinta a matse yake, wayoyinta sirara ne masu saurin tsinkewa, kuma a sababbin da yawa an liƙe kayan da dalma, ba sa ciruwa.

A Jidda ana samun tsofaffin kwamfutoci a Haraj Sawarik, kasuwar kayan hannu da ke kudancin gari, da shagunan gyara na titin Khalid bin Walid, ko wajen ofisoshin da suka sauya na'urori. Irin su Dell OptiPlex da HP na ofis suna da yawa kuma suna da ƙwari, sai dai wasunsu kamfanin ya yi musu filogin wuta irin nasa, wanda ba za a gani a wata kwamfuta ba. Saboda haka in da hali, ɗaya daga cikin biyun ta zama haɗin hannu, wadda masu shago suke kira tajmi'i, domin ita ce ke bin tsarin ATX da kamfanin Intel ya fitar a 1995, wanda har yau a kansa ake haɗa yawancin kwamfutocin tebur. Kana shagon, ka roƙi mai gyara ya tara maka matattun kaya: RAM (ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta) da ta ƙone, faifan ajiya da ya daina aiki, tsohuwar furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yi wa kwamfuta lissafi. Shara ce a wurinsa. In za ka yi masa magana ka kira su da sunan da ya sani, mu'alij ga furosesa, kart shasha ga katin hoto, ma'ajun harari ga man da ake shafa wa furosesa.

Kayan aiki ba su da yawa: sukundireba mai baki huɗu, lamba 2, ƙaramar tocila, burushi mai laushi, tef ɗin takarda da alƙalamin rubutu a kansa, sai kiret ɗin ƙwai na takarda. Kiret ɗin nan yana da amfani ƙwarai, kowane rami na notin wuri guda ne, a rubuta sunan wurin a gefensa.

Abu ɗaya kafin yara su zo. Faifan da ka sayo a haraj yana iya kasancewa ɗauke da hotuna da takardun mai shi na da. Ka goge shi kaf, ka sa sabon Windows ko Linux, ba tare da ka tsaya leƙa abin da ke ciki ba. Amanar mutane ce.

Ɗalibai kada su wuce huɗu a kan na'ura ɗaya. Ɗaya ya riƙe sukundireba, ɗaya ya kula da noti, ɗaya ya haska tocila, ɗaya ya rubuta, a riƙa juyawa. In ba ka juya da kanka ba, yaro mafi baki zai riƙe sukundirebar har a tashi, masu kunya kuma, galibi 'yan mata, su koma 'yan kallo.

Ka'idojin tsare kai, kafin a kwance noti ko ɗaya

A zare filogi daga bango, sannan a danna maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙoƙi domin ragowar wutar da ke ciki ta zube. Ka sa su yi wannan ko a kan matacciyar na'urar, har hannunsu ya saba.

Akwatin wuta, wato ƙaramin akwatin ƙarfe mai fanka inda wayar bango take shiga, ba a buɗe shi har abada a aji. Akwai manyan kafasita a cikinsa da ke riƙe wuta mai haɗari ko bayan an zare filogi. A cire shi ɗungurungum, a mayar da shi ɗungurungum.

Akwai kuma wani abu da ya shafe mu a nan musamman. Saudiyya tana komawa wutar volt 230, amma tsofaffin gidaje da yawa har yanzu suna da soket iri biyu, na 127 da na 220. Tsofaffin akwatunan wuta suna da wani ɗan jan maɓalli a baya, gefe ɗaya an rubuta 115, ɗaya 230. In yana kan 115 aka soka shi a 220, nan take zai yi ƙara ya ƙone. Yara kuwa da sun ga jan maɓalli sai sun taɓa. Ka nuna musu shi, ka yi bayani, ka daidaita shi da wutar ɗakin, sannan ka liƙe shi da tef.

Sai wutar da jikin mutum yake tarawa. Ɗaki mai kafet wanda mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ya busar da iskarsa, a nan ta fi taruwa. Ita ce ɗan tsinken da mutum kan ji in ya taɓa hannun ƙofa. Mutum ba ya jin ta sai ta kai wajen volt 3,000, alhali ƙasa da haka nesa ba kusa ba ta isa ta lalata RAM ko furosesa. Don haka a yi aiki a kan tebur, kowa ya taɓa ƙarfen jikin kwamfutar kafin ya kai hannu ciki, kuma kowane kati a riƙe shi ta gefe, kada yatsa ya sauka kan haƙoransa masu ruwan zinare. A cire zobe da agogo, a naɗe hannun riga, a gyara mayafi kada ya yi lilo cikin na'ura. Shayi da ruwa su tsaya nesa da teburin.

In na'urar ta sha ƙura, a fita da ita waje a hure. A dafe fanka da yatsa yayin hurawar, kada iska ta juya ta fiye da ƙima.

Zama na farko: a bi wuta

Ka buɗe murfin gefe ka yi shiru. Ka ba kowa takarda ya zana abin da yake gani, minti goma, babu suna ko ɗaya. Zanen ba sai ya yi kyau ba, amfaninsa shi ne ya tilasta wa ido ya tsaya. Za ka ji suna tambayar juna, "wannan mai kama da tsabar kuɗi fa?" Ka bar tambayar ta kwana.

Daga nan ka yi musu tambaya ɗaya: ta ina wuta take shiga, kuma ina da ina take zuwa? Su bi wayoyi da yatsa. Za su tarar duk sun fito daga akwati ɗaya. Yanzu ne za ka gaya musu aikinsa: wutar bango ta yi wa kayan ciki ƙarfi kuma irin ta daban ce, shi ne yake mayar da ita wuta mai tafiya hanya ɗaya, ya raba ta volt 12 da 5 da 3.3. A tsofaffin na'urori launin waya yana faɗin abin da take ɗauke da shi: rawaya 12, ja 5, ruwan lemo 3.3, baƙa kuma ita ce ta komawa. Su ƙirga ramukan babban filogin da ke shiga madabod, za su samu 24, ko 20 in na'urar ta tsufa sosai. Su nemo ƙaramin mai rami 4 ko 8 da ke shiga kusa da babbar fanka. Su karanta takardar da ke manne a jikin akwatin su faɗi watt nawa yake bayarwa.

Madabod, wato babban allon da komai ke zaune a kansa, a ranar nan gabatarwa kawai za a yi masa. A haska shi da tocila a karkace, su ga siraran layukan tagulla da suka ratsa shi. Waɗannan ne hanyoyin da saƙo ke bi daga wannan kaya zuwa wancan.

Zama na biyu: abubuwa ukun da ake rikitawa

Nan ne zuciyar darasin, kada ka yi sauri. Furosesa da RAM da faifan ajiya su ne ɗalibai suka fi cakuɗawa, musamman biyun ƙarshe, tun da duka ana auna su da gigabait.

Ni da shagon tela nake kwatanta su, domin babu yaron da bai taɓa raka wani wajen ɗinki ba. Furosesa ita ce telan, shi kaɗai ke yanka da ɗinki. Faifan ajiya shi ne kabad ɗin da ake jera yadudduka, yana cin kaya da yawa, kuma ko an kulle shago an tafi gida suna nan. RAM ita ce teburin da ke gabansa. Tela ba ya ɗinki a cikin kabad, sai ya ɗauko yadi ya shimfiɗa a tebur. In teburin ƙarami ne ga aiki ya yi yawa, dole ya riƙa tashi yana mayar da wani yadi yana ɗauko wani, komai saurin hannunsa aikin zai yi jinkiri. Kuma a wannan shago, da an ɗauke wuta ana share teburin tas, abin da ba a mayar kabad ba ya tafi. Da wannan kwatance yaro zai iya amsa tambayar nauyin kwamfutar gidansu da kansa.

Sai ka miƙa musu kayan ɗaya bayan ɗaya.

Faifan ajiya matacce ka riga ka kwance murfinsa a gida. Notinsa masu kan tauraro ne, kuma ana ɓoye ɗaya ko biyu a ƙarƙashin takardar sama. Ka bar su su ga faifan yana sheƙi, su ga siririn hannun da ke yawo a kansa yana rubutu da karatu da maganaɗisu. Na tebur yawanci yana juyawa sau 7,200 a minti. Ka sa su raba da 60, su samu 120 a daƙiƙa ɗaya. Hannun ba ya taɓa faifan, yana shawagi ne a kan iska da tazarar da ta fi kaurin gashi ƙanƙanta nesa, shi ya sa bugu ɗaya yana cikin aiki kan kashe shi. Ka ajiye SSD kusa da shi. Babu abin da ke motsi a cikinta, 'yan ƙananan baƙaƙen guntaye ne kawai, don haka ta fi sauri kuma ba ta tsoron girgiza. In kana da siririyar nan ta M.2 ka nuna ta. Lambar 2280 da ake rubuta mata awonta ne, faɗi milimita 22, tsawo 80. Su auna da rula su gani.

RAM kuwa, ka ba su iri biyu in ka samu, DDR3 da DDR4. Ta farko haƙoranta 240, ta biyu 288. Su jera su baki da baki, za su ga 'yar tsagar da ke tsakanin haƙoran ba a wuri ɗaya take ba. Da gangan aka yi haka, domin kada wata ta shiga ramin wata, kada kuma a sa ta a juye.

Furosesa tana ɓoye ƙarƙashin fanka da wani ƙarfe mai tsaga-tsaga. In an ɗaga su, yara sukan yi mamakin ƙanƙantarta. A nan tarihi kaɗan yana da daɗi: Intel 4004 da ta fito a 1971 tana da taransisto, wato ƙananan makunnan lantarki, guda 2,300, na yau kuma suna ɗauke da biliyoyi a fili da bai kai tafin hannun jariri ba. In an rubuta 3 GHz a jikinta, ana nufin bugu biliyan uku a daƙiƙa. Wannan aiki yana haifar da zafi, ƙarfen nan ne yake janye shi, fanka ta kore shi. Man da ke tsakaninsu yana cike ƙananan ramukan da ido ba ya gani domin zafin ya wuce. A ƙasa mai zafi da ƙura irin wannan, busasshen mai da toshewar ƙarfen suna cikin manyan dalilan da ke sa kwamfuta ta riƙa mutuwa da kanta tana tsakiyar aiki.

Ka nuna musu ɗan alwatika mai ruwan zinare a kusurwar furosesa da takwaransa a jikin soket. Su biyun ake daidaitawa. A na'urorin Intel allurai suna cikin soket ne, kuma lambar sunansa ita ce yawansu, LGA 1155 allura 1,155 ke nan. Tsofaffin AMD kuwa a jikin furosesar alluran suke. Ko wanne ne, yatsa ba ya zuwa wurin. Allura ɗaya ta lanƙwashe, ana iya rasa madabod gaba ɗaya.

Ragowar a wuce su da sauri: dogon ramin PCIe na katin hoto, ƙananan ramukan SATA da wayar faifai ke shiga, da abin nan mai kama da tsabar kuɗi da suka tambaya ranar farko. Batir ne, CR2032, volt 3, shi ke riƙe agogo da saitin BIOS, wato ɗan shirin da ke fara tayar da na'ura, in babu wuta.

Zama na uku: a kwance, a mayar

A ɗauki hoton cikin da waya kafin a taɓa komai. A cire wayoyi, kowace a manna mata tef da sunan inda ta fito. Sai katin hoto, RAM, faifai, akwatin wuta, fanka da furosesa, madabod a ƙarshe. Da an ɗaga madabod su lura da 'yan ginshiƙan tagulla da yake zaune a kansu, waɗanda ke hana bayansa taɓa ƙarfen akwati. Mayarwa kuma daga ƙarshe ake farawa a dawo farko.

Dokar ranar ita ce, abin da ya ƙi shiga a tsaya a duba, kada a danna. Furosesa ajiye ta kawai ake yi, ta zauna da nauyin kanta. RAM ce kaɗai ke son ɗan ƙarfi: a buɗe maƙallan gefe, a daidaita tsaga, a danna da manyan yatsu biyu har a ji ƙas. Yara sukan ji tsoro su bar ta rabi a waje. Wajen mai, a goge tsohon, a ɗiga sabo gwargwadon ƙwayar wake a tsakiya, ƙarfen ne zai baza shi. Notin fanka a ɗaure su a gicciye, kaɗan-kaɗan. In an gama, kiret ɗin ƙwai ya zama babu komai a ciki. Noti ya rage, a koma a nemo raminsa.

Zama na huɗu: a cire abu ɗaya a ga abin da zai faru

Yau ake fito da na'ura mai rai, kuma wannan zaman ne yake zaunar da duk na baya a kai. Tsarin ɗaya ne kowane zagaye: ka faɗi abin da za a cire, kowa ya rubuta hasashensa, a kashe a zare filogi, a cire, a kunna, a gwada da abin da aka rubuta.

A fara da wayar faifan ajiya. Yawancinsu za su ce ba za ta tashi ba. Sai ga ta ta tashi, tambarin kamfani ya fito, sannan ta rubuta cewa ba ta ga inda za ta ɗauko Windows ba. Ka shiga BIOS a gabansu, da F2 a Dell, F10 a HP, Delete a yawancin na haɗin hannu, su ga na'urar ta san furosesarta da yawan RAM ɗinta ba tare da faifai ba. Daga nan za su gane cewa akwai wani ɗan shiri da ke zaune a kan madabod, wanda ke duba kaya kafin komai ya fara.

Sai RAM. Fanka za ta juya, allo ya tsaya baƙi ƙirin, na'urar ta kama ƙara ɗit-ɗit in tana da 'yar lasifika, ko fitilar maɓallinta ta riƙa ƙyaftawa. A nan wani zai zabura ya ce, "Ustaz, mun lalata ta!" Kada ka yi saurin kwantar masa da hankali. Ka tambaye shi wa ke yin ƙarar, kuma me take son faɗi. Ka bar shi ya mayar da RAM ɗin da hannunsa ya kunna. Yaron da ya ga allo ya dawo bayan ya ɗauka ya yi ɓarna, ya daina tsoron cikin kwamfuta ke nan.

Bayan haka a cire batir a bar shi a waje na 'yan mintuna filogi a zare, a ga kwanan wata ya koma baya. A zare ƙaramin filogin furosesa, mai rami 4 ko 8 ɗin nan. In akwai katin hoto, a mayar da wayar allo ramin madabod maimakon na katin, kuskuren da ke kai mutane shagon gyara a banza. Ƙarfen sanyaya furosesa kam ba a gwada cire shi ana kunnawa.

In komai ya koma wurinsa, a shiga Windows a danna Ctrl da Shift da Esc tare, a buɗe shafin da ke nuna aikin na'ura. Su buɗe shafukan intanet da yawa suna kallon layin RAM yana hawa. Sannan wani ya yi zane a Paint kada ya adana, a danne maɓallin wuta har ta mutu, a kunna. Zanen ya tafi. A sake wani a adana, a maimaita, a tarar da shi. Ka tambaye su ina na farkon yake zaune, ina na biyun.

Gwaji

Ka fitar da rukuni waje, ka saka wa na'urar matsala ɗaya: ka ɗan ɗaga RAM, ko ka sassauta wayar faifai, ko ka zare siririyar wayar da ta taho daga maɓallin gaba. Su dawo su gano. Sharaɗin shi ne kafin su taɓa komai su faɗi abin da suka gani da abin da suka ji, da kayan da suke zargi da dalili. Wanda ya dace da amsa ta hanyar tattaɓa komai bai kai wanda ya yi zargi mai hujja ba, ko da bai dace a karon farko ba.

Gwaji na biyu na baki ne. Ka buɗe tallar wata tsohuwar kwamfuta a manhajar saye da sayarwa ta Haraj, irin wadda ake rubuta i5 da 8GB da 256 SSD, ɗalibi ya bayyana wa ƙaninsa da Hausa me kowace lamba take nufi, kuma in mai ita ya ce tana nauyi, me zai fara ƙarawa.

Kafin kowa ya fita daga ɗakin, a ƙirga batiran nan masu kama da kuɗi da maganaɗisun faifai, a kulle su a gwangwani. In ajin a gida ake yi akwai ƙananan yara, kuma haɗiye irin wannan batir yana ƙona maƙogwaro cikin 'yan sa'o'i. In hakan ta faru, asibiti ake nufa nan take, ba a jira a ga alama.